Raguwar Halartar Darussan Turanci na Ganin Dama a Jami'o'in Katsina

Darussan Turanci na ganin dama su ne azuzuwan ƙari da ake shirya wa ɗaliban jami'a domin su gyara bakinsu da alƙalaminsu, ba tare da an ba su maki ko darasin ya shiga lissafin digiri ba. Wanda ya zo ya ƙaru, wanda ya ƙi zuwa babu abin da zai fito a takardar sakamakonsa. Wani lokaci sashen Turanci ne ke tsara su, wani lokaci ƙungiyar ɗalibai, wani lokaci kuma malami ɗaya ne ya ga abin da ake rubuto masa a jarrabawa ya ware sa'a guda a mako don Allah. Halin da aka san irin waɗannan azuzuwa da shi, a Katsina da sauran wuraren da ake karatu da harshen da ba na gida ba, shi ne cika a makon farko da watsewa kafin zangon karatu ya ƙare.

Matsayin Turanci a tsarin karatu

Katsina ba baƙuwar koyar da Turanci ba ce. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, ta kuma yi suna wajen horar da ɗalibai kan lafazi da iya magana. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk nan suka yi karatu. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Amma ɗaliban wancan zamani kaɗan ne, suna kwana a makaranta, malami ya san kowa da sunansa. Jami'o'in jihar na yau wani lamari ne daban: Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, suna ɗaukar dubban ɗalibai, da yawansu kuma a gari suke zaune.

A takarda, duk wanda ya shiga jami'a ya riga ya iya Turanci. Sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da na Turanci, ake ɗaukarsa, kuma Turanci dole ne ga kowa a jarrabawar JAMB. Bayan ya shiga, akwai kwas ɗin Turanci na GST 111 da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa ɗaliban shekarar farko, mai kiredit 2 (ma'aunin nauyin kwas) a manhajar CCMAS da aka ƙaddamar a 2022. Abin da ke faruwa a zahiri ya bambanta. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, a da ta tanadi koyarwa da harshen uwa a azuzuwan farko na firamare kafin a koma Turanci, sai dai a makarantun gwamnati da dama bayani da Hausa yakan ci gaba har sakandare. Ɗalibi yana iya cin jarrabawar zaɓi-ka-cike alhali bai taɓa tsayawa ya yi magana da Turanci ta minti biyar a jere ba. Kwas guda a zauren da ya cika maƙil ba ya toshe wannan giɓi, shi ya sa ake ƙirƙiro darussan ƙari.

Bai kamata a haɗa su da karatun share fage ba, irin na IJMB ko na makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Waɗancan suna da jarrabawa, kuma samun gurbi ya dogara da su.

Yadda ajin ke raguwa

Raguwar tana bin kalandar makaranta. Da farkon zango lakcoci ba su kankama ba, sababbin ɗalibai na ɗoki, har benci ya yi kaɗan. Da an fara tes da aikin gida sai a fara ganin gurabe. Mako biyu ko uku kafin jarrabawa ajin yakan koma 'yan tsiraru. Abin lura shi ne a daidai wannan lokaci tutoriyal na kwasa-kwasan da ke da maki, kamar waɗanda ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyoyin sassa suka saba shiryawa, suke cika har waje. Su ma babu mai tilasta zuwa, babu mai ɗaukar suna. Bambancin kawai shi ne akwai jarrabawa a gabansu.

Dalilai

Babban dalili yana cikin tsarin lissafin kansa. Ɗalibi na ɗaukar kiredit tsakanin 15 zuwa 24 a zango, ana auna shi da ma'aunin CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasansa, mai maki 5, kuma a jami'o'in Najeriya da yawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Duk sa'ar da ya ba darasin da ba shi da maki, daga wanda zai iya jawo masa kari-oba, wato maimaita kwas ɗin da ya faɗi, ya cire ta. Ana yawan kiran wannan lalaci. Ba lalaci ba ne, lissafi ne, kuma jami'a ce ta koya masa shi tun ranar da ya yi rajista. Yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, tare da rufe makarantu lokacin korona, sun sa jami'o'in gwamnati da dama matse zangunan karatu don cike abin da ya wuce, kuma a irin wannan matsi darasin ƙari ne farkon wanda ake yarwa.

Sai kuma lokaci. Da yake jadawalin lakcoci na dole ne ake fara shimfiɗawa, abin da ke rage wa darasin ganin dama shi ne bayan La'asar, ko Asabar, ko yammacin Juma'a. A Katsina waɗannan ba lokutan banza ba ne. Wani yana koyarwa a Islamiyya, wani yana jiran shagon POS ko na ɗinki da yake biyan kuɗin makaranta da shi, wani da damina gona na kiransa ƙauye a ƙarshen mako. Ɗaliba mai aure tana da girki da yara, budurwa kuma gida na so ta dawo kafin Magariba. Idan azumi ya faɗo cikin zango, darasin yamma ya mutu sai bayan Salla. Harabar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana bayan gari a kan hanyar Dutsin-Ma, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin Keke Napep da acaɓa ya zama abin da ake ƙirgawa. Ba kowa zai biya shi saboda sa'a ɗaya da ba ta da maki ba. A yankunan da matsalar tsaro ta taɓa, dawowa da duhu ma wani abin dubawa ne.

Dalilin da ba a cika faɗa ba shi ne kunya. Ajin koyon magana sai an yi magana, a kuma yi kuskure a gaban jama'a. Bahaushe yana da wuraren tuntuɓe da aka sani: cakuɗa sautin p da f, mayar da v zuwa b, sauya sautin th da s ko z, da cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka zo a jere, saboda tsarin gaɓar Hausa ba ya fara kalma da cunkoson baƙaƙe. Duk waɗannan suna gyaruwa da maimaici. Amma saurayin da aka yi wa dariya sau ɗaya a gaban 'yan mata, da wuya a sake ganinsa. Waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi su ne ke ɗaga hannu, malami ya biye musu ba tare da ya ankara ba, wanda aka buɗe ajin dominsa ya koma baya ya yi shiru, daga baya ya daina zuwa. Ta haka ajin ke ƙarewa a hannun waɗanda suka fi kowa rashin buƙatarsa. A wajen aji kuma babu abin da ke matsa masa, domin a Katsina Hausa ta ishe shi a kasuwa da masallaci da hostel, har ma da ofishin malami.

Waya ta ƙara nata. YouTube da Duolingo suna koyarwa ba tare da ɗan kallo ba, Grammarly na gyara jimla, tun ƙarshen 2022 kuma ChatGPT na iya rubuta aikin gida gaba ɗaya. Wasu da gaske sun koma koyo a can, don haka ba duk kujerar da ta zama fanko ba ce asara. Wasu kuwa sun samu hanyar miƙa rubutu mai tsabta ne ba tare da sun iya ba.

Laifin wani lokaci na darasin ne. Idan abin da ake yi shi ne sake jero sassan jimla a kan allo kamar yadda aka yi a sakandare, ɗalibin da ya bari bai yi wauta ba. Malamin da ke yi a kyauta ma, in taron sashe ya taso, darasin yake sokewa, kuma sokewa biyu a jere sun isa su watsa aji.

Illa da hanyoyin gyara

Illar ba ta bayyana sai a shekarar ƙarshe, lokacin rubuta furojet, wato binciken kammala digiri, da tsayawa kare shi a gaban malamai, inda ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Daga nan sai bautar ƙasa a jihar da ba a jin Hausa, da ganawar neman aiki, da jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL ga mai son karatu a waje. Ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya guje wa darasin kyauta a shekararsa ta farko a jami'a yana biyan kuɗi a koya masa abu guda bayan ya gama.

Masu neman gyara sun rabu. Wasu na ganin a ɗora wa darasin maki ko a wajabta shi. Hakan na cika aji, amma yana mayar da shi wani GST, a haddace a ci a manta. Wasu sun fi son a bar shi na ganin dama a ba shi wata ƙima: takardar shaida ga wanda ya kammala, gajeren shiri na makonni kaɗan a farkon zango kafin tes ya taso, ƙananan rukunoni bisa matakin iyawa, da rukunin mata daban inda aka ga buƙata. Hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da halin ɗalibin da ke lissafin sa'o'insa, ita ce a ɗaure darasin da aikin da yake da maki: ɗan sashen kimiyya ya zo da rahoton ɗakin gwajinsa a gyara tare, ɗan aji huɗu ya zo da babin farko na furojet ɗinsa, ya kuma gwada kare shi a gaban mutum biyar kafin ranar da zai tsaya gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a.