Na'urar koyon saukar da jirgin sama a kan jirgin ruwa

Na'urar kwaikwayon tuƙi wani ɗaki ne da aka ƙera tamkar mazaunin matuƙin jirgin sama, da maɓallansa da sandar tuƙinsa, ga alluna a gaba inda kwamfuta ke nuna teku da sararin sama. Sojojin ruwan Amurka da na Faransa suna horar da matuƙansu a cikinta kafin su tunkari jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi. Asalinta na'urar da wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera ce a 1929. Ita kuwa sauka a kan jirgin ruwa ta girme ta, domin wani matuƙi Ba'amurke, Eugene Ely, ya fara yin ta ranar 18 ga Janairun 1911, a kan jirgin ruwan Pennsylvania a San Faransisko.

Nijar ba ta da teku, amma wanda ya taɓa ganin jirgi na sauka a filin jirgin saman Damagaram zai gane wuyar abin. A nan titin ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma yana nan daram. A teku kuwa doron jirgin ruwan ne filin, kuma tafiya yake yi, igiyar ruwa na ɗaga shi tana saukewa. Jirgi na zuwa da gudun kusan kilomita 240 a awa, dole ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta cafki ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu da aka shimfiɗa, ya tsaya cak cikin kamar mita 100. Da tayoyi sun taɓa, matuƙi ba birki yake takawa ba, wuta yake ƙara wa injin, don in ƙugiya ta kuskure ya samu ƙarfin sake tashi. Wannan ya saɓa wa abin da jiki ke so, sai an maimaita shi har hannu ya saba.

A nan na'urar ta fi amfani. Matuƙi na koyon bin fitila mai ruwan lemo da ke gefen filin: in ta haura layin korayen fitilu ya yi sama da yawa, in ta faɗo ƙasa ya kusa cin karo da bayan jirgin ruwan. Malami na iya kawo masa duhun dare, ko hazo mai kauri irin na hunturunmu, ko ya kashe masa inji ɗaya, ba tare da an yi asarar rai ko mai ba.

Duk da haka ba ta wadatarwa. Daga ita sai titin tudu da aka zana wa siffar doron jirgin ruwa, kamar na sansanin Landivisiau a Faransa, inda jami'in da ke kula da saukar jirage ke tsaye a gefe yana ba kowace sauka maki.