Waiwaye: daga "Malam, ga amana nan" zuwa dokar kare yara a makarantun Abuja

A da, idan uba ya kai ɗansa makaranta, magana ɗaya ce: "Malam, ga amana nan." Daga nan sai yadda malam ya yi da shi. Bulala ma doka ta ba ta gurbi. Sashe na 55 na kundin Penal Code, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960 kuma Abuja ta gada, ya yarda malami ya hori yaron da ke hannunsa muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ba a cika tambayar wa ke sa wa mai tanƙwarawar ido ba.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, sai a 2003 aka kafa Dokar Haƙƙin Yara. Jihohi sai da majalisunsu suka karɓe ta, wasu bayan shekara da shekaru, amma a Abuja kai tsaye ta fara aiki. Ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, ta hana cutar da jikinsa ko tunaninsa, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da shi, ta kuma samar da kotun iyali.

Sace ɗalibai 276 a Chibok a 2014 ya karkata hankalin kowa ga katanga da maigadi. A shekarar ne kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF suka yi binciken da ya nuna yara shida cikin goma na gamuwa da cin zarafi kafin su kai 18, kuma yawanci daga hannun wanda suka sani. Katanga ba ta tare irin wannan. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta zo a 2015, hukumar yaƙi da safarar mutane (NAPTIP) ke aiwatar da ita a Abuja, kuma a 2019 ta buɗe kundin sunayen masu laifin fyaɗe. A 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar tsaron makarantu da hana cin zali a cikinsu.

Takardu dai sun samu. Inda ake yawan ɓaro aiki shi ne sa'ar farko bayan yaro ya kawo ƙara. Yarinya 'yar aji huɗu ta tsaya bayan an tashi, tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Malama, in faɗa miki wani abu, amma kada ki gaya wa kowa?" Kada malama ta ɗauki wannan alkawari. Ta ce za ta faɗa wa wanda zai taimaka kawai. Ta saurara, kada ta sa mata magana a baki, domin tambaya irin "wane ne ya taɓa ki, ko direba?" kan rusa shaida a kotu. Ta rubuta kalmomin yarinyar yadda suka fito, da rana da lokaci, ta sa hannu, a ranar ta miƙa wa jami'in da makaranta ta ware don irin wannan. In shugaban makarantar ake zargi, sai a wuce shi zuwa hukumar ilimi, 'yan sanda ko NAPTIP.

Kada a haɗa yarinyar da wanda ake zargi wai don a ji ta bakin kowa. Tsoro zai sa ta janye. Kada kuma a kira iyaye ofis "a sasanta" don rufin asirin makaranta, a sallami mutumin shiru. Wanda aka sallama haka a Kubwa, wata mai zuwa yana iya samun aji a Nyanya, tunda makarantun kuɗi da dama ba sa neman rajistar hukumar rajistar malamai (TRCN), ba sa kuma kiran inda ya baro. Idan fyaɗe ne, asibiti ne farko, kafin wanka ko wanke tufafi, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.