Leyawut Ba Fenti Ba Ne

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku fasahar zamani a 2023, matasa suka cika azuzuwan koyon dizain, kalmar "leyawut" ta shiga bakin kowa. Yaro ya yi sati biyu a aji sai ka ji yana cewa leyawut ɗin manhajar nan ya haɗu, alhali shuɗin da aka shafa wa maɓallai ne ya tafi da imaninsa. Kwanan baya ma na ji wani baƙo a rediyo yana fassara ta da "kwalliyar manhaja", mai gabatarwa na ta amsa masa da "haka ne". Raina ya ɓaci.

Kwalliya sunanta sitayil: launi, irin rubutu, kaurin layin gefe. Leyawut kuwa Hausa tana da kalmarsa tun kafin kwamfuta ta zo, wato jere. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ranar jere ya san mai fenti ya gama nasa ya tafi kafin 'yan jere su fara gardamar inda gado zai fuskanta da bangon da kabet zai jingina. Sai dai ɗakin amarya ba ya faɗaɗa da rana ya tsuke da dare. Tagar manhaja kuwa mai aiki da ita yana jan gefenta yadda ya ga dama. Don haka leyawut na gaskiya doka ce da ka rubuta: idan fili ya ƙaru wa zai ci, idan ya ragu wa zai matsa.

Ɗauki Tkinter, kayan aikin da masu koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, da yawa suke fara gina taga da shi. An ɗora shi ne a kan Tk, aikin John Ousterhout na farkon shekarun 1990, kuma hanyoyin jere uku yake da su. Akwai place, inda za ka ce maɓalli ya zauna piksel (ɗigon allo) 40 daga hagu, 120 daga sama. Akwai pack, mai tura kaya gefe ɗaya suna bin juna kamar buhuna a sito. Sai grid, mai yanka taga layi-layi da gida-gida.

Sabon shiga place yake so, don abin da ya faɗa shi yake gani. Wani ƙanena ya rubuta wa mai kantin magani manhajar lissafi da ita. A laftof ɗinsa komai tsaf. Da aka buɗe ta a babban allon kantin, sai kayan duka suka takure a kusurwar hagu ta sama, sauran allon fili fetal kamar filin idi bayan an watse. Ya canza rubutun maɓalli ɗaya daga gajeriyar kalmar Turanci zuwa "Ajiye bayanan mai saye", maɓallin ya kumbura ya hau kan maƙwabcinsa. Da na duba, na tarar ya kwana uku yana zaɓen launi, jeren kuwa ko awa ɗaya bai ba shi ba.

Da grid ya kama, da layi biyu na umarni sun raba gardama. Za ka ba gidan da akwatin rubutu yake nauyi, weight=1, ma'ana duk rarar fili tasa ce. Sannan ka ce sticky="ew". Haruffan nan gabas da yamma suke nufi, wato akwatin ya manne da bangon hagu da na dama, ya miƙe duk lokacin da aka ja taga. Amma kada ka haɗa pack da grid a uwar taga ɗaya. Shugabanni biyu ne a gida ɗaya, Tk 8.6 zai tsayar da kai da saƙon kuskure.

Daga ina ruɗanin ya samo asali? A ganina daga shafukan intanet. A can CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, shi ne yake yin aikin biyu, shi ne mai fenti, shi ne ɗan jere. Sai Qt, wani kayan gina taga irin Tk, ya aro salon rubutun CSS a sigarsa ta 4.2 a 2006, takwaransa GTK 3 ya biyo baya a 2011. Wanda ya taso a intanet ya ga rubutu iri ɗaya sai ya ɗauka aiki ɗaya ne. Ina! A Qt takardar sitayil za ta rina maɓalli, ta zagaye masa kusurwa, har ta ƙara masa ƙiba, amma ba za ta ɗauke shi daga hagu ta kai dama ba. Wannan aikin 'yan jeren Qt ne, wato QHBoxLayout da QVBoxLayout da QGridLayout.

Ranar da aka ce ka mayar da manhajarka ajami ko Larabci za ka gane ko da doka ka yi jere ko da hannu. Wanda ya yi jere da doka a Qt, umarni ɗaya na setLayoutDirection zai juya masa tagar ta fara daga dama. Ƙanena kuwa maɓalli talatin da wani abu gare shi, kowanne da lambarsa da ya buga da hannu.