Levittown

Levittown unguwa ce ta gidajen zama a gundumar Nassau da ke tsibirin Long Island, a jihar New York ta Amurka, kuma ita ce ake yawan kafa misali da ita idan ana maganar manyan unguwannin wajen gari da suka bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin shekarar 1947 wurin gonakin dankali ne, ana kiransa Island Trees.

Da yaƙi ya ƙare, sojoji suka koma gida da ɗimbin yawa, suka yi aure, amma babu wadatattun muhallai, har ma'aurata da dama suka raɓe a gidajen iyaye da surukai. Dokar da gwamnati ta kafa a 1944 domin tallafa wa tsofaffin sojoji ta ba su damar karɓar rancen sayen gida ba tare da biyan kafin alƙalami mai nauyi ba. Wannan dama ce kamfanin Levitt & Sons, na Abraham Levitt da 'ya'yansa William da Alfred, ya yi amfani da ita. A watan Oktoba na 1947 iyalan farko suka tare, suna biyan hayar dala 60 a wata, kuma zuwa 1951 an kammala gidaje 17,447.

Sirrin wannan sauri yana cikin tsarin aikin. An rarraba ginin gida zuwa matakai kusan 27, kowace ƙungiyar ma'aikata da nata aiki guda: wasu daɓen kankare kawai suke zubawa, wasu kafa katako, wasu rufi, wasu fenti, su gama a wannan fili su wuce na gaba. Katakon yana isowa a yanke daidai gwargwado, kuma ba a haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, abin da ya rage kuɗi da lokaci ƙwarai. A lokacin da aikin ya kai ganiyarsa ana gama gida kusan 30 a rana. A 1949 an sayar da sabon samfurin gidan a kan dala 7,990, farashin da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya a hankali.

Sai dai wannan ƙofa ba ga kowa aka buɗe ta ba, kuma nan ne babban tabon tarihin unguwar. Takardun haya na farko sun ƙunshi sharaɗin cewa fararen fata kaɗai za su zauna a gidajen. Ko da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1948 cewa kotuna ba za su tilasta bin irin wannan sharaɗi ba, kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙaƙen fata, ciki har da waɗanda suka yi yaƙin tare da sauran. Hakan ya hana iyalai masu yawa mallakar kadarar da darajarta ta yi ta hauhawa shekara da shekaru.

Kamfanin ya gina wasu unguwanni masu irin wannan suna a Pennsylvania da New Jersey da Puerto Rico. A ta New York kuwa, masu sukar da suka ce gidajen duk kamarsu ɗaya ba su hango abin da mazauna za su yi ba: sun ƙara ɗakuna, sun ɗora bene, sun gina gareji, har ya zama da wuya yau a sami gidan da ke nan yadda aka gina shi. Ƙidayar 2020 ta nuna mutane fiye da 51,000 ne ke zaune a wurin.