Mene ne "jinkiri uku"? Misali daga ƙauyukan Afganistan

Duk taron da ma'aikatan lafiya za su yi a kan mace-macen mata wajen haihuwa, da wuya a tashi ba a ambaci "jinkiri uku" ba. Wasu masu bincike biyu na Jami'ar Columbia ta Amurka, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, su suka fito da kalmar a 1994. Shirin da suke ƙarƙashinsa a Afirka ta Yamma ya yi aikinsa, har da Zariya da Sakkwato, saboda haka ba baƙuwar magana ba ce a wajenmu. Abin da suka ce shi ne, yawancin abin da ke kashe mace a kan gwiwa yana da magani, lokaci ne ke ƙurewa. A wuri uku kuwa yake zurarewa: a gida kafin a yanke shawarar fita, a hanya, sai kuma a asibiti kafin a sa mata hannu. Zubar jini bayan haihuwa na iya gamawa da mace cikin awa biyu, ka ga ke nan kowane minti na da kuɗinsa.

Karkarar Afganistan ta ishi mai son ganin ma'anar kalmar ido da ido. A 2002 an gudanar da bincike a gundumomi huɗu na ƙasar, aka ƙiyasta mata 1,600 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000. A gundumar Ragh ta lardin Badakshan, can cikin duwatsun arewa maso gabas, adadin ya kai wajen 6,500, irin wanda ba a taɓa rubuta kamarsa ba a ko'ina.

A Ragh jinkiri na biyu ne ke fara bayyana. Ƙauyuka ne a kafaɗar dutse, hanyar ƙafa ce da ta jaki, in sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe ta har watanni. Naƙuda ta yi gardama cikin dare, sai maza su sa mace a kan gado ko a bargo, su saɓa, suna karɓeɓeniya har su kai inda mota ke tsayawa, in an yi sa'a akwai motar. Sannan a fara cinikin kuɗin mota. Magani kyauta ne a ƙananan asibitocin gwamnati, amma hanya ba kyauta ba ce, haka abincin 'yan rakiya, haka maganin da za a ce babu sai an saya a waje.

Na farkon shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. An saba cewa jahilci ne, a wuce wurin. Gaskiya ne bincike ya sha nuna macen da ta yi makaranta, ko ta je awo, ko gidansu na da ɗan hali, ta fi haihuwa a asibiti. Amma mai naƙudar ba ita ke da ta cewa ba. Miji ne da uwar miji, kuma uwar mijin nan ta haifi nata bakwai ko takwas a ɗaka da taimakon ungozomar gargajiya, wadda suke kira dai. In ta ce a ɗan jira zuwa asuba, lissafi take yi: tafiyar awa nawa ce, wa zai raka ta, in an je wa za a tarar? Idan ta san namiji ne kaɗai a asibitin, ko an taɓa kai maƙwabciya aka yi mata tsawa aka bar ta a ƙasa, to ta riga ta yanke hukunci tun ciki na wata biyar. A ganina nan ne amfanin kalmar yake: jinkirin hanya da na asibiti su ke haifar da jinkirin gida.

Sai batun muharrami. Al'adar a raka mace ta daɗe a karkarar ƙasar, amma a Disambar 2021 gwamnatin Taliban ta mai da ita doka ga tafiyar da ta wuce kilomita 72, kuma a wasu larduna ana neman muharrami ko a ƙofar asibitin kusa. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Iran, ko bazawarar da yaƙi ya bari da ƙananan yara, wa za ta tasa a gaba cikin dare?

Ƙasar ta taɓa nuna ana iya rage jinkirin nan. A 2002 ƙwararrun ungozomomi ba su kai 500 ba a faɗin Afganistan. Aka fito da dabara mai kyau: dattawan gari su zaɓi 'yarsu, a koyar da ita kusan shekara biyu, ta komo ta yi aiki a cikin mutanenta, inda aka san ubanta kuma tana jin harshensu. Ungozomomi suka kai dubbai. Binciken ƙasa na 2015 ya samu kashi 48 cikin 100 na haihuwa a asibiti ake yi, kodayake birni ya tsere wa ƙauye nesa. A wasu ƙauyukan kuma asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, ya tallafa wa ƙananan gidajen lafiya masu ungozoma guda, don a kawo asibitin kusa maimakon a ɗauki mace a kai ta nesa.

Yanzu jinkiri na uku ne ke ƙara faɗi. A 2025, bayan Amurka ta janye tallafinta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cibiyoyin lafiya sama da 400 sun rufe ko sun dakatar da aiki. 'Yan mata ba sa wuce aji shida a makaranta tun dawowar Taliban a 2021, an rufe musu jami'a a Disambar 2022, sannan a Disambar 2024 aka hana mata karatun jinya da ungozomanci. Iyalai da yawa ba za su yarda namiji ya karɓi haihuwa ba, a wasu larduna ma an hana likita namiji duba mace ba tare da muharraminta ba. Ungozomar da ta yi ritaya ko ta yi hijira a bana, babu ɗalibar da ke aji da za ta gaje ta.