Yadda Labari Ke Tsara Dokokin Wasan Kati

Wasan kati ba lissafi ne da sa'a ba? Ina ruwansa da labari?

A karta mai kati 52 kusan haka ne, hoton sarki da sarauniya matsayi kawai yake nunawa. Amma tun da Richard Garfield ya fito da Magic: The Gathering a 1993, masu tsara wasa suka fahimci cewa labari yana koya wa ɗan wasa doka tun bai karanta ta ba. A wannan wasan, halitta mai tashi sama ba a iya tare ta sai da mai tashi irinta ko mai iya kai mata. Ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba, domin kowa ya san mai tafiya a ƙasa ba ya tare tsuntsu.

To wanne ake fara tsarawa, labarin ko dokar?

Duka biyun ana yi. A 2011 masu Magic suka fitar da rukunin Innistrad, wanda jigonsa ban tsoro ne, suna son mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci. Sai suka buga kati mai fuska biyu, gaba mutum, baya kyarkeci. Idan zagaye ya wuce babu wanda ya jefa sihiri, wato ya buga kati irin na halitta ko tsafi, dare ya yi tsit kenan, sai a juya katin. Idan wani ya jefa biyu a zagaye guda, sai ya koma mutum. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ɗan wasa yakan haƙura da jefa katinsa da gangan don kyarkecinsa ya fito, abokin karawarsa kuma yana ta faman hana shirun. Dokar da kanta ce ke saka fargabar.

Dominion na 2008 kuwa ƙarfinsa yana cikin tsarin gina tarin katinka ana cikin wasa, labarin masarautar bai da kauri sosai.

Jigo zai iya sa 'yan wasa biyu su bi doka daban?

Sosai ma. A Android: Netrunner na 2012, ɗaya kamfani ne, ɗaya mai kutsen kwamfuta. Kamfani yana kife katinsa saboda sirri yake ɓoyewa, mai kutse kuma yana kai hari bai san ko taska ce ko tarko zai tarar ba. Katin da ke hannun mai kutse shi ne lafiyarsa: rauni yana zubar masa da su, idan raunin ya fi abin da ya rage a hannu, ya faɗi.

Yaushe labari ke ɓata wasa?

Lokacin da mai tsarawa ya dage sai kowane ɓangaren labari ya sami dokarsa. Sai rubutu ya cika kati, wasa ya riƙa tsayawa ana karatu da gardama. Wasan Love Letter kuwa bai faɗa wannan tarkon ba: kati 16 kacal ya fito da su a 2012, kuma dokar katin gimbiya layi ɗaya ce: wanda ya yar da ita ya fita daga zagayen.