Me ake nufi da "tsarin darasi mai taɓa zuciya"?

Tunda darussa suka koma yawo a WhatsApp da YouTube, ƴan lakwal na Damagaram masu shirin jarrabawar birbe da bak suna ta tura ma juna bidiyon lissahi da na kimiyya, wasu mushe-mushe, wato malamai, ma da kansu suke haɗawa a waya, to akwai wata magana da masu binciken ilimi ke yawan yi wadda ya kamata mu gane ta, wato tsarin darasi mai taɓa zuciya. Ma'anarsa ita ce a zaɓi kala da siffa da murya na darasin ta yadda mai koyo zai ji daɗi a ransa, ya ji abin bai hi ƙarhinsa ba, ba tare da an ƙara wani labari na daban a ciki ba.

Tushen maganar a ƙwaƙwalwa yake. Wurin da mutum ke riƙe sabon abu a lokacin da yake koyo ɗan ƙarami ne ƙwarai, kamar faranti ne, in ka cika shi da gishiri da yaji babu wurin tuwo. John Sweller na Ostareliya ya yi bayanin wannan nauyi a 1988, shi kuma Richard Mayer na jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa ido da kunne kowane da hanyarsa, shi ya sa hoto tare da murya ya hi hoto da dogon rubutu wanda mai magana ke sake karantawa kalma kalma.

To ina zuciya ta shigo? A 2012 Jan Plass na jami'ar New York da abokan aikinsa sun ba ɗalibai darasin kwamfuta kan yadda rigakahi ke aiki a jiki, wasu an ba su mai launin toka, wasu kuma an sa kala mai ɗumi irin rawaya da ruwan lemu, ƙwayoyin jikin da ke cikin hotunan an yi su zagaye da ƴan idanu kamar fuska. Bayanin iri ɗaya ne, amma na rukuni na biyu sun hi ganewa kuma sun ce darasin bai yi musu wuya sosai ba.

Amma fa nan ne mutanenmu ke zamewa. Da sun ji an ce a faranta ma yaro rai sai su zuba kiɗa a ƙarƙashin murya, rubutu na tsalle, hotunan dariya ko'ina. Mayer da Shannon Harp sun gwada irin wannan a 1998 da darasin yadda walƙiya ke samuwa, suka ƙara labaran mutanen da tsawa ta faɗa ma, labarai masu jan hankali wallahi, sai ga shi ɗaliban da suka karanta wannan ba su riƙe matakan samuwar walƙiyar kamar sauran ba. Don haka adon a kan abin da ake koyarwa ake sa shi, in zuciyar da ke buga jini kake bayani to zuciyar ce za ta samu kalar, ba gehen allo ba.

Abin da ya hi damuna ni shi ne tsoro, domin shi ma yana cin wuri a kai. Yaron da ya tashi da Hausa ko Barbarci a gida, ana koya masa da Faransanci, rabin hankalinsa na fassara, in aka ƙara masa murya mai tsawa irin ta mai bulala me ya rage na darasin? Malam in za ka naɗi bidiyo yi magana kamar da ƙanenka kake, ka yanka shi gajeru gajeru yaro ya iya tsayarwa ya koma baya, kalma mai wuya ka faɗe ta da Hausa tun farko kahin ka shiga bayanin. Gajeren bidiyo ma bai cinye mega ɗin iyaye.